Sauya fikof da wayoyin cikin jitar bes: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi fitowa daga bakin masu kaɗa bes idan sun fara tunanin buɗe cikin jitarsu don gyara wayoyi ko sauya fikof, wato abin da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi yana ɗaukar kaɗawarsu ya tura wa amfilifaya. Amsoshin sun fi karkata ga jita irin ta Fender, wato Precision da Jazz, domin yawancin bes ɗin da ke hannun mutane, na asali ne ko kwaikwayo, a kan tsarin waɗannan biyun aka ƙera su.

Sautin jitata bai yi mini ba. Fikof zan sauya?

Dakata tukuna. Yaushe rabonka da sauya tsirkiya? Tsirkiyar da ta shekara tana shan gumi da ƙura ta riga ta mutu, kuma babu fikof ɗin da zai dawo mata da rai, komai tsadarsa. Da yawa daga cikin masu kukan cewa sautinsu ya dushe, sababbin tsirkiyoyi kawai suke buƙata. Akwai kuma nau'in tsirkiyar kanta: mai kaushi tana ba da sauti mai kaifi, mai santsi kuma tana ba da sauti mai taushi da nauyi irin na James Jamerson a faya-fayen Motown. Bambancin da ke tsakanin waɗannan biyun ya fi bambancin da ke tsakanin fikof mai araha da mai tsada.

Bayan tsirkiya sai ka duba tsayin fikof. Danna tsirkiya a kan ƙarfe na ƙarshe na wuyan jita, ka auna tazarar da ke tsakanin ƙasan tsirkiyar da kan maganaɗisun. Awon da Fender ke bayarwa ga fikof na gama-gari kusan milimita 2.8 ne ta ɓangaren tsirkiya mai kauri, milimita 2 ta ɓangaren siririya. In ya yi ƙasa da yawa, sauti zai yi rauni. In ya matso da yawa, maganaɗisu zai riƙa jan tsirkiya, sautin ya riƙa rawa kamar ba a saita jitar ba, kuma in ka buga da ƙarfi ka ji ƙwas-ƙwas. Sukurori biyu ko huɗu ne kawai za ka juya, ba ka kashe ko sisi ba. Sau da yawa ma soson da ke ƙarƙashin fikof ɗin ne ya ruɓe ya daina tura shi sama, sai a yanko sabo a sa.

Sannan ka ɗauki jitar ka gwada ta a wata amfilifayar da wani kebul ɗin. Ƙaramar amfilifaya mai sifika inci 8 ba za ta iya fitar da sautin E na ƙasa, wato na tsirkiyar da ta fi kauri, yadda ya kamata ba, wanda ke kaɗawa sau 41 a daƙiƙa, balle B na jita mai tsirkiya biyar da ke kusan sau 31. In ka yi duk wannan har yanzu abin da kake nema bai fito ba, to yanzu ka cancanci ka yi maganar fikof.

Mene ne ainihin aikin fikof, kuma me ke bambanta wani da wani?

Maganaɗisu ne aka naɗe shi da siririyar wayar jan ƙarfe zagaye dubbai. Wayar da aka fi amfani da ita ita ce mai lamba 42, kaurinta bai wuce na gashin kai ba. Tsirkiyar ƙarfe in ta kaɗa a saman maganaɗisun sai ta haifar da 'yar ƙaramar wuta a cikin kwayil ɗin, wato naɗin wayar, wannan wutar ce amfilifaya ke ƙara wa ƙarfi.

Abubuwan da ke sauya sautin su ne yawan naɗin, irin maganaɗisun, siffar kwayil, da kuma wurin da aka dasa fikof ɗin a jikin jita. Naɗi mai yawa yana ƙara ƙarfi da kaurin tsakiya amma yana cinye kaifi. Maganaɗisun alniko, wanda aka haɗa daga alminiyom da nikel da kobalt da baƙin ƙarfe, shi ne na tsofaffin Fender. Na siramik ya fi araha, kuma yawanci ya fi ƙarfi da tsauri. Kar ka yarda da mai cewa siramik duk tarkace ne. DiMarzio Model P na siramik ne, kuma tun shekarun 1970 manyan makaɗa ke aiki da shi.

Wurin zama kuwa shi ne abin da mutane suka fi mantawa, alhali ya fi sauran tasiri. Fikof ɗin da ke kusa da jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke zaune a kai a gindin jita, yana jin kaifi da tsauri. Wanda ke kusa da wuya yana jin zurfi. A shekarun 1970 Fender ta matsar da fikof na baya na Jazz da kusan santimita ɗaya zuwa wajen jaki, kuma har yau makaɗa na bambanta sautin Jazz na 60 da na 70 saboda wannan 'yar tazarar. Don haka in ka sayi fikof irin na jitar StingRay ka dasa shi a ramin da ba nasa ba, ba za ka sami sautin StingRay ba.

P, J, PJ, MM: me waɗannan haruffan ke nufi?

P na nufin Precision, wadda Leo Fender ya fitar a 1951. A 1957 aka sauya mata fikof zuwa mai gida biyu, rabi yana ƙarƙashin tsirkiya biyu na sama, rabi ƙarƙashin biyu na ƙasa. An naɗe su ta fuskoki mabambanta, maganaɗisunsu ma a juye, shi ya sa suke kashe gurnanin wutar lantarki. Sautinsa mai kauri ne a tsakiya, yana zama daram a cikin taron kayan kiɗa.

J na nufin Jazz, ta 1960, mai dogayen fikof biyu sirara, kowanne da kwayil ɗaya. PJ haɗin gambiza ne, P a tsakiya, J a wajen jaki. MM kuwa shi ne faffaɗan fikof mai manyan idanu, wato kawunan maganaɗisu da ake gani a samansa, na Music Man StingRay, wadda ta fito a 1976 da batir a cikinta. Akwai kuma masu siffar sandar sabulu, waɗanda aka rufe da baƙar roba, da ake yawan gani a jitocin Ibanez da Yamaha da Cort, musamman masu tsirkiya biyar da shida. Su waɗannan siffar waje ce kawai, abin da ke ciki zai iya zama kowane iri.

Ta yaya zan san wanda zan saya zai shiga ramin jitata?

Ka ciro tsohon ka auna shi da rula, tsawo da faɗi da kauri da tazarar ramukan sukuru, ka rubuta a takarda, sannan ka kwatanta da zanen awon da kamfanin ya wallafa. A nan ne mutane suka fi asarar kuɗi. A Jazz na Amurka fikof biyun ba tsawonsu ɗaya ba: na wuya kusan milimita 92 ne, na jaki kusan 95, domin tsirkiyoyi suna ƙara buɗewa yayin da suke gangarowa. Amma akwai jitocin kwaikwayo, har da wasu tsofaffin Fender na Meziko, da aka sa wa guda biyu masu tsawo ɗaya. Ka sayi saiti na asali, na bayan ya ƙi shiga.

Masu siffar sabulu sun fi rikitarwa, don kowane kamfani da awonsa. Na EMG da sauƙin ganewa: 35 da 40 da 45 na nufin tsawon inci 3.5 da 4 da 4.5. Na Bartolini daban suke. In sabon ya fi ramin ƙanƙanta, zai zauna, sai dai giɓi ya bayyana a gefe. In ya fi shi girma, sai an sassaƙe katako, kuma wannan ba ya gyaruwa in an yi kuskure. Kada ka kai wa kafintan ƙofa da kurfi da guduma. Fentin jita yana tsagewa ya ɓare fiye da inda aka nufa.

Ka duba tazarar tsirkiyoyi ma. In fikof ɗin mai idanu ne a waje, ya kamata kowace tsirkiya ta bi ta kan nata ko tsakanin nata biyun. Mai doguwar sanda a ciki ba ruwansa da wannan.

Mai batir ko marar batir, wanne ya fi?

Babu wanda ya fi, amma akwai ruɗani a tambayar da ya kamata a warware. Abu biyu ne ake sa wa batir. Akwai fikof ɗin da shi kansa yake da 'yar amfilifaya a cikinsa, kamar yawancin na EMG, kamfanin da Rob Turner ya kafa a Kalifoniya a 1976. Irin wannan in batir ya ƙare, jita ta yi shiru ke nan. Akwai kuma fikof na gargajiya marar batir da aka haɗa shi da firiyam, wato ƙaramin allon lantarki mai murɗin ƙara zurfi da kaifi, wani lokaci da tsakiya. Yawancin jitocin da ake kira masu batir wannan na biyun ne. Jazz ɗin Marcus Miller ta 1977 misali ce: fikof ɗinta na Fender ne, Roger Sadowsky ya ƙara mata firiyam a New York.

Amfanin batir a fili yake. Murɗin sauti na jita marar batir ragewa kawai yake iya yi, ba ya ƙarawa. Firiyam yana ƙarawa yana ragewa. Sannan dogon kebul yana cinye kaifin jita marar batir, mai batir kuwa ko a jikinta. Wanda ke kaɗawa a coci ko a dandalin biki, inda ake jona shi kai tsaye cikin mikisa da kebul mai tsawon gaske, zai ji daɗin wannan.

Illarsa kuma batir ɗin ne. Soket ɗin irin wannan jitar mai ƙafa uku ne, kuma shigar kebul ita ce ke kunna wutar. Ka bar kebul a jone ka tafi gida, batir na ci har gari ya waye. In ya fara rauni, sauti zai riƙa tsagewa musamman in ka buga da ƙarfi, mutum ya ɗauka sifika ce ta fashe. Ka sayi batir alkalin mai bolt 9, ka guji masu arahar nan da ke zubar da ruwa su cinye wayoyi.

Ra'ayina, ga wanda ke zaune inda samun kayan gyara ke da wuya: fikof marar batir, da firiyam mai makunnin da ke tsallake shi. In batir ya mutu ana tsakiyar kiɗa, ka ja murɗi sama ka ci gaba. Wanda kuma jitarsa P ce mai murɗi biyu, sau da yawa ya fi masa sauƙi ya sayi firiyam na ƙasa, wanda ake takawa da ƙafa, ya bar jitar yadda take. Ba sassaƙa, ba neman inda za a cusa batir.

In zan sauya fikof, dole ne in sauya fot da kafasita da soket?

Ba dole ba ne in daga marar batir za ka koma wani marar batir, kuma tsofaffin suna aiki lafiya. Amma tun da ka riga ka buɗe, soket ɗin jita mai araha ya cancanci a sauya shi. Shi ne ke shan wahala kullum, shi ne kuma ke fara saki. Na Switchcraft ba shi da tsada, yana kuma daɗewa.

Fot shi ne abin da ke ƙarƙashin murɗin da kake juyawa. P da J suna amfani da mai 250k, wato om dubu 250 a awonsa. Mai 500k yana barin kaifi ya fi fita, shi ya sa ake sa shi ga fikof mai kwayil biyu da ke da duhun sauti. EMG mai batir kuwa 25k yake so, kuma yana zuwa da nasa a kwali. Kada ka haɗa shi da tsofaffin naka, murɗin zai koma kamar makunni, ko a kashe ko a ƙure. Akwai harafin A da B a jikin fot: a yawancin na yanzu A na nufin wanda ke ƙaruwa daidai da yadda kunne ke ji, B kuma mai tafiya bai ɗaya. Ga murɗin sauti A ya fi daɗi. Ga na ƙara, makaɗa sun rabu, musamman a Jazz.

Wani tarko: fot ɗin Amurka irin na CTS wuyansa kusan milimita 9.5 ne, na Asiya kuwa 7 ko 8. Ramin jitarka zai iya yi masa kaɗan, kuma tsofaffin kawunan murɗin ba za su hau ba, don haƙoran ba ɗaya ba ne. In dole ka faɗaɗa rami a jikin katako mai fenti, ka yi da hannu a hankali, ba da injin huji ba.

Kafasita kuma ita ce ke zubar da kaifin sauti zuwa at, wato wayar da ke kai wuta ƙasa, idan ka rage murɗin sauti. Wadda aka saba da ita 0.047 ce. Mai 0.1, irin ta tsofaffin Precision, ta fi duhu in an rage, mai 0.022 kuma ba ta rage da yawa. In murɗin a ƙure yake, da kyar za ka ji bambanci tsakaninsu. Ana sayar da wasu da tsadar gaske da sunan na da ne, na takarda da mai. A ganina lambar ce ke aiki, ba sunan ba. Wadda za ka samu a shagon mai gyaran rediyo ta wadatar.

Murɗin ƙara yana ƙarar yashi in na juya. Ya lalace ne?

Yawanci ƙura ce, kuma bayan hunturu kusan kowace jita sai ta yi. Fesa masa maganin wanke kayan lantarki ta 'yar kafar da ke bayansa, ka juya shi gaba da baya sau da yawa. Kada ka zuba masa man inji ko fetur. In bai daina ba, to hanyar cikinsa ta cinye, sai sabo.

Jitata tana gurnani. Sabon fikof zai kashe shi?

Ya danganta da irin gurnanin, don iri biyu ne kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Wannan tambayar ta fi kowacce buƙatar haƙuri.

Na farko gurnani ne mai zurfi, muuu, wanda ke ƙaruwa ko raguwa in ka juya jikinka ko ka matsa kusa da amfilifaya ko taransifoma. Wannan na maganaɗisun wutar gari ne, wadda a Najeriya da Nijar da Gana take kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, a Amurka sau 60. Fikof mai kwayil ɗaya dole ya ji shi, haka aka halicce shi. A Jazz, in ka ƙure murɗin fikof biyun daidai wa daida, gurnanin zai ɓace, domin an yi su ne kishiyar juna. Da zarar ka rage ɗaya, ya dawo. A PJ kuwa P ɗin shiru yake, J ɗin ke kawo shi. Wannan shi ne gurnanin da sauya fikof ke magancewa: ka sayi J mai kwayil biyu a ɓoye, ko a jere gefe da gefe ko ɗaya bisa ɗaya, kamar DiMarzio Ultra Jazz ko Fender Noiseless. Wasu na cewa suna rasa ɗan kaifi in aka gwada da na asali. Gaskiya ne kaɗan, amma in kana kaɗawa kusa da janareta, wannan ciniki ne mai riba.

Na biyu zizar ce mai kaifi, zzzz, wadda fitilu da cajar waya da na kwamfuta ke haddasawa. A nan sai ka yi gwaji da hannunka. In ka taɓa tsirkiya zizar ta ragu, wayar at ɗinka lafiya take, abin da ya rage shi ne a lulluɓe ramin wayoyin. In ka taɓa tsirkiya babu abin da ya sauya, amma in ka taɓa ƙarfen soket ta ragu, to wayar da ke tafiya ƙarƙashin jaki ta tsinke ko ta daina taɓa shi. Kwance jakin, ka kankare ƙasansa kaɗan, ka baza bakin wayar, ka mayar. In kuwa taɓa ƙarfen ƙara zizar yake yi, an juya wayoyin soket, an sa mai sauti a wurin at.

Lulluɓewa ana yin ta da tef na jan ƙarfe, a manne shi a bangon ramin da bayan murfin, kowane yanki ya hau kan ɗan'uwansa, sannan a haɗa duka da at. Ka gwada da mitar awon lantarki daga wannan ƙarshe zuwa wancan, don ba kowane tef ne gamsa ke wuce wuta ba. Ka kuma lura kada ƙafar fot ko bakin soket ya taɓa shi, in ba haka ba jita za ta yi tsit. Wannan aikin yana rage ziza sosai, amma ba ya taɓa gurnanin farko, kar ka wahalar da kanka.

Tsirkiya tana jana da wuta, ko makirfo ya ja leɓena. Daga jitar ne?

A'a, kuma kada ka ci gaba da kaɗawa. Wutar da ke cikin jita, ko mai batir ce, ba ta kai ta ja mutum ba. Abin da kake ji daga amfilifaya ko mikisa ko wayarin ginin yake zuwa, ya biyo ta kebul, ya hau tsirkiyar da aka haɗa da at. Soket ɗin bango marar at, filogin da aka karye wa ƙafa ta uku don ya shiga, janaretan da ba a kafa masa at ba, ko jita a kan wata wuta makirfo a kan wata, duk suna jawo haka. Wuta mai bolt 230 ce, kuma makaɗa sun mutu ta wannan hanyar: Leslie Harvey na ƙungiyar Stone the Crows ya rasu a kan dandali a Swansea a 1972 bayan ya taɓa makirfon da ba shi da at. Mai gyaran wuta za ka kira, ba mai gyaran jita ba. Tsinke wayar jaki ba magani ba ne, ƙarfen soket da murɗi suna nan a jone.

Zan iya yin aikin da kaina?

In ka taɓa liƙa waya da dalma, P ba ta fi ƙarfinka ba: waya biyu ce, a Fender fara ta tafi ƙafar fot, baƙa ta tafi bayansa. Kana buƙatar ƙarfen liƙi mai wat 30 zuwa 40, dalmar lantarki mai ƙaro a ciki irin ta 60/40, mita, sukundireba da ta dace da kan sukurun, da tsumma mai kauri da za ka rufe fentin jita. Dalma mai asid ta masu gyaran famfo ko lagireto ba ta shiga nan, tana cin waya a hankali.

Kafin ka cire komai, ɗauki hoton wayoyin daga kusurwa biyu ko uku. Ka shafa dalma a bakin wayar da kuma wurin da za ta zauna, kowanne daban, sannan ka haɗa su ka ɗora ƙarfe na daƙiƙa biyu ko uku. Liƙi mai kyau yana sheƙi ya kwanta lumui. Wanda ya dunƙule ya yi toka-toka, yau zai yi aiki, wata mai zuwa ya saki. Wuri mafi wuya shi ne bayan fot, don yana shanye zafi. Kankare shi tukuna har ya yi haske. Ƙarfe mai rauni da za ka daɗe kana dannawa ya fi mai zafi ƙona cikin fot.

Launin waya ba ɗaya ba ne tsakanin kamfanoni. Ja da kore na Seymour Duncan ba aikinsu ɗaya da na DiMarzio ba, saboda haka takardar da ta zo cikin kwalin ita za ka bi. EMG na yanzu ba sa ma buƙatar dalma, cusawa kawai ake yi.

In hannunka bai saba ba, mai gyaran waya ko rediyo zai iya, muddin ka kai masa zanen ka kuma tsaya a kansa. Liƙi ya iya, amma bai san cewa siririyar wayar da ke fitowa daga kwayil tana tsinkewa da taɓawar farce ba. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya: in kana da kiɗa ranar Asabar, kar ka buɗe jita ranar Juma'a.

Na gama haɗawa, kowane fikof shi kaɗai lafiya, amma in na haɗa biyun sai sauti ya sirance. Me ya faru?

Suna soke juna ne, ɗaya na turawa ɗaya na ja, zurfin sautin ya tafi. Yana yawan faruwa in ka haɗa fikof na kamfanoni biyu, kamar a PJ. Juya wayoyin guda ɗaya, mai sauti ta koma at, ta at ta koma wurin mai sauti. Guda ɗaya kawai, in ka juya duka biyun ka dawo inda kake. In fikof ɗin yana da waya ta uku tsirara ko saƙaƙƙiya, ita tana nan a at, ba a taɓa ta.

Ta yaya zan gane fikof ya mutu, ko in gwada na hannu kafin in saya?

Sa mita a kan 20k na awon om, ka ɗora bakinta a wayoyin biyu. P yakan nuna tsakanin 10 da 12, kowane J tsakanin 7 da 9. In ba ta nuna komai ba, kwayil ya tsinke. In ta nuna sifili, wayoyi sun haɗe. Kada ka damu in lambar ta ɗan haura abin da kamfani ya rubuta: jan ƙarfe yana ƙara kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri na zafi, don haka wanda aka auna 10.5 a ɗaki mai digiri 20 zai iya nuna sama da 11 a zafin Afrilu na Sakkwato. Lambar kuma ba ita ce ma'aunin ƙarfin sauti ba, sai in waya da maganaɗisun iri ɗaya ne. Fikof mai batir ba a auna shi haka, sai an jona shi. In ya riga ya hau jita, ƙwanƙwasa idonsa a hankali da bakin sukundireba, ya kamata ka ji ɗum a sifika.

Game da na jabu, suna nan da yawa, da tambarin EMG ko Seymour Duncan a jiki. In farashin sabo ya yi ƙasa da rabin abin da kamfanin ke sayarwa, ka san abin da ka saya. Fikof mai araha da ke ɗauke da sunansa na gaskiya, irin su Wilkinson, ya fi mini wanda ya ari sunan wani.

Wanda ya tsinke, mai naɗin kwayil ɗin fanka zai iya sake naɗa shi?

Da wuya. Wayarsa ta fi kauri nesa ba kusa ba, ramin zai cika tun bai kai rabin naɗin da ake buƙata ba, sautin ya fito da rauni. Amma kafin ka yanke ƙauna, duba inda siririyar wayar ta haɗu da 'yan ƙawanyun ƙarfe biyu a gindin fikof. Sau da yawa a nan ne tsatsar damina ta ci liƙin, kuma sake narka dalmar wurin kawai yana tayar da shi. In bakin wayar na waje ne ya tsinke, ana iya warware zagaye kaɗan a sake liƙawa. In na ciki ne, sai naɗi sabo.

Me zan yi da tsofaffin?

Zuba su a leda da sukurorinsu da fot ɗinsu, ka rubuta wanne ne na wuya wanne ne na jaki, ka ajiye nesa da ɓurɓushin ƙarfe. Mai sayen jita ba ya biyan kuɗin fikof ɗin da ka ƙara, don haka ranar sayarwa ka mayar da na asali ka riƙe naka. In kuwa tsohuwar Fender ce ta shekarun 1960 ko 1970 ta faɗo hannunka, kada ka narka ko liƙi ɗaya kafin wanda ya san darajarta ya gani, domin masu tara irin waɗannan har liƙin masana'anta suke dubawa kafin su yi tayi.